Waken da ya haifi tumatir: amsa ga 'yar'uwar da ta gaji da dariya

Wata baiwar Allah daga unguwar Zariya a birnin Maraɗi ta aiko da wasiƙa, ta roƙi a sakaya sunanta. Ga abin da ta rubuta a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Ina da wata damuwa da nake jin kunyar kiranta damuwa, domin duk wanda ya ji farkonta dariya yake yi. Lokacin da nake aji CE2, wato aji huɗu na firamare, mushenmu, wato malaminmu, ya ba mu aikin gida, ya ce kowa ya shuka ƙwayar wake a gwangwani, ya riƙa ba ta ruwa, ya rubuta abin da ya gani kowace safiya a cikin kaye, bayan kwana 10 a kawo lakwal. Na karɓi babban gwangwanin tumatir wurin Innarmu, na shuka wakena. Yayana, wanda ya girme ni da shekara 5, yana zuwa lambun Baba a bakin gulbi kowace yamma. Ashe idan na yi barci sai ya tone abin da ke cikin gwangwanin ya sa dashen tumatir, bayan kwana biyu ya cire wannan ya sa wanda ya fi shi girma. Ni kuwa ina ta murna ina rubutawa. Ranar da za a kai, na tashi na tarar shukar ta kai gwiwata, har da 'ya'ya biyu ƙanana, ɗanyu shar. Da na nuna masa, sai ya ce ai haka abin yake, duk waken da aka shuka a gwangwanin tumatir, tumatir yake haifa. Na ɗauka a ka na kai lakwal, na kuma maimaita wa mushe wannan bayani a gaban aji. Aji ya kece da dariya. Mushe ya ce a lambu na tono na zo ina masa ƙarya, ya yi mini bulala, ya ba ni sifili, ya aika a kira Baba. Baba ma bai yarda da ni ba. Yaya yana tsaye, bai ce uffan ba. Sai da muka girma, bayan rasuwar Baba, ya faɗi gaskiya yana dariya.

"Tun daga lokacin ba a yin taron dangi bai ba da labarin nan ba. Kwanan baya a sunan ɗana ya ba ƙannen mijina, yanzu 'Yar Gwangwani suke ce mini, sunan da aka yi ta kirana da shi har na bar firamare. Makon jiya babban ɗana ya canza wa ƙanwarsa amsoshin lissafi a kayenta, ta samu sifili, da na yi masa faɗa sai ya ce ai Kawu ma ya yi mini. Yaya shi ne ubanmu yanzu, shi ya aurar da ni, shi ke riƙe da Inna. Ina dariya tare da su, amma idan na koma ɗaki sai in ji zuciyata ta yi nauyi. Shin ƙanƙantar rai ce ke damuna? In yi magana ko in haɗiye?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwata. Ba ƙanƙantar rai ce ke damunki ba, kuma shawarata ita ce ki yi magana, amma da Yayanki shi kaɗai, a lokacin da kika zaɓa, da kalmomin da kika riga kika auna. Kafin in zo kan yadda za ki yi, ina so mu tsaya a kan labarin kansa, domin a cikinsa dalilin nauyin zuciyarki yake.

Labarin yana da ban dariya, ba zan ɓoye miki ba. Duk wanda ya hango yarinya 'yar shekara tara ta ɗora gwangwani bisa gammo, shukar tumatir tana rangaji a saman kanta, tana taka yashi da sauri don kada a buga ƙarfen shiga aji ba ta iso ba, zuciyarta cike da alfaharin cewa wakenta ya fi na kowa, dole ya murmusa. Bayanin da Yayanki ya ƙago game da gwangwani shi ma akwai basira a cikinsa, irin ta yaron da ya san lambu ya kuma san ƙanwarsa ba ta musa maganarsa. Saboda haka dariyar da kike yi tare da su ba munafunci ba ce, abin dariyar yana nan da gaske. Sai dai labarin da ake bayarwa a taro yana tsayawa ne daidai inda aji ya kece da dariya, alhali naki labarin ya zarce zuwa bulala, da sifili, da tsayuwa gaban Baba. Masu sauraro suna jin rabi, ke kina zaune a tsakiyarsu da ɗaya rabin da ba wanda ke faɗa.

Ina so ki lura da wani abu da wataƙila ba a taɓa faɗa miki ba: a cikin dukan waɗanda labarin ya shafa, ke ce kika yi aikinki daidai. An ce ki duba ki rubuta abin da kika gani, kin duba kin rubuta. Manufar darasin ita ce yaro ya ga tsirowar wake da idonsa. Idan ƙasa tana da danshi da ɗumi, cikin kwana 3 zuwa 5 ƙwayar takan kumbura ta turo ƙasa, ɓarinta biyu su fito sama, sai ganye biyu masu fuskantar juna, daga baya kuma ganyen nan mai kunne uku da kowane manomi ya sani, fure kuwa ba ya zuwa sai an haura wata guda. Shi tumatir sai an yi yayyafinsa a gado, an rene shi kamar mako 4, sannan a cire dashe, kuma ba ya ɗaura 'ya'ya sai ya yi kusan wata biyu. Ganyensa mai tsage-tsage ne da gashi-gashi, yana barin wari a hannun wanda ya taɓa shi. 'Ya'yan masu lambu a Jiratawa da Sumarana ba sai an koya musu wannan a aji ba, amma yarinyar da ke gida tana taya Inna aiki ba ta da hanyar sani, kuma rashin sanin ne ya sa aka ba ta darasin tun farko.

Malaminku ya yi daidai da ya gane cewa shukar kwana 10 ba za ta kai gwiwa ba, wato akwai hannun wani a ciki. Inda ya kuskure shi ne wurin gane mai hannun. Yaron da ke son ya yaudari malami wake zai je ya tono, ba zai kawo tumatir ya kira shi wake ba, balle ya tsaya gaban aji yana kare shi da hujjar gwangwani. Kayenki ma shaida ne, domin da ya buɗe shi ya karanta a natse, da ya ga rubutun yarinyar da ke mamakin abin da take gani kowace safiya. Malamin da ke gaban aji cike da yara, ga dariya ta ɓarke, sau da yawa yakan ɗauka shi ake yi wa izgili, sai hannunsa ya riga tambayarsa isa ga bulala. Wannan yana bayyana abin da ya faru, amma ba ya wanke shi, domin dukan yaro a kan zato zalunci ne ko a wane zamani aka yi shi.

Zafin bulala yakan tafi kafin a kwana biyu. Abin da ke daɗewa shi ne a kira yaro maƙaryaci a ranar da bai faɗi komai ba sai gaskiya, kuma mutane biyu da ya fi girmamawa su haɗu a kan haka. A wasiƙarki akwai jimla ɗaya da kika wuce ta da sauri, ni kuwa ina ganin ita ce tushen damuwar gaba ɗaya: Yaya bai faɗi gaskiya ba sai bayan rasuwar Baba. Mutumin da kika fi so ya ji an wanke ki, shi ne bai ji ba, kuma duk lokacin da aka tayar da zancen ana ƙyaƙyatawa, wannan ne ke taso miki. Ba ni da ikon cire miki wannan daga zuciya, amma ina tunatar da ke cewa uba ba ya auna 'yarsa da rana ɗaya. Yana auna ta da aiken da ta je ta dawo da canji cif, da amanar da aka bar mata ta riƙe, da shekarun da suka zauna a gida ɗaya bayan an manta da gwangwani. Inna tana raye, ta ji gaskiyar daga bakin ɗanta, kuma ita ta fi kowa sanin yadda Baba yake kallonki. Wata rana idan kuna zaune ku biyu, ki tambaye ta abin da yake faɗa game da ke.

Shi kuwa Yayanki, a yi masa adalci. A ranar da abin ya faru shekararsa 14 ce, ya shirya wasa ne da yake zaton zai ƙare a tsakar gida, sai wasan ya kuɓuce masa ya isa gaban malami da uba. Yaro a wannan shekaru, idan ya ga bulalar da ta dace da shi tana sauka a kan wani, ba kowane ne ke da ƙarfin halin cewa shi ne ba. Shirun da ya yi laifi ne, amma laifin tsoro ne, ba na mugunta ba. Game da yawan maimaita labarin yanzu, ina kyautata zaton abubuwa biyu ne suka haɗu. Labarin yana mayar da shi zamanin da Baba yake raye, ana zuwa lambu da yamma, shi ba ya ɗauke da nauyin kowa. Sannan akwai mutanen da ba su iya cewa a yafe musu ba, sai su yi ta kewaya abin da suka yi da dariya, suna jiran su ga an yi dariyar tare da su domin hankalinsu ya kwanta cewa ba a riƙe su ba. Ke kuma kullum kina yi masa dariyar. Ta ina zai san cewa akwai ciwo? A wurinsa wannan labarinku ne ku biyu, yana ba da shi ne don nuna kusancinku.

Wani zai ce ai mu mutanen wasa ne, me ya sa wannan zai yi zafi? Gaskiya ne ƙasarmu ta shahara da wasan dangi, har hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwancin Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2014. Bagobiri yana tsokanar Bazabarme, Bafillace yana tsokanar Babarbare, taubasai suna yi wa juna, kaka da jika suna yi, matar wa da ƙanin miji suna yi. Amma duk wasan nan yana tsaye ne a kan sharaɗi ɗaya: wanda aka tsokana yana da ikon ramawa nan take, a gaban kowa, ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Ramuwar ce ke hana maganar kwana a zuciya. Tsakanin ƙanwa da wa babu wannan dama, musamman wan da ya hau matsayin uba. Idan ya tsokane ki a gaban mutane, ba za ki iya tono masa nasa abin kunyar na yarinta ba, ba za ki iya ɗaure fuska ba, abin da ya rage miki shi ne dariya ko sunkuyar da kai. Wasan da ɓangare ɗaya kaɗai ke da baki a cikinsa yakan taru a zuciyar ɗayan shekara da shekaru, kuma wannan taruwar ce kike ji idan kin koma ɗaki.

Wannan ya raba miki matsalar gida biyu. Ƙannen mijinki abokan wasanki ne, al'ada ta ba ki baki a kansu. Kada ki kai ƙararsu wurin maigida, domin hakan zai sa sunan ya ƙara kama ki, ya kuma sa su ɗauka ba ki da ruwan wasa. Ki rama. Kowane ɗayansu yana da nasa tarihin da mijinki ko mahaifiyarsu suka sani, kuma da zarar sun ga cewa duk wanda ya ce gwangwani zai ji nasa, abin zai zama wasa na gaskiya ko ya mutu da kansa. Idan kuma sunan ne kawai ba ki so sam, ki kira babbansu gefe ki faɗa masa cikin raha cewa komai za ki ɗauka ban da wannan.

Addini ma bai ɗauki damuwarki ƙaramin abu ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana yi wa juna izgili da jifan juna da laƙabi, kuma malamai sun bayyana cewa ma'aunin laƙabi shi ne ko mai shi yana ƙinsa, ba ko mai kiran yana nufin alheri ba. Akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda wasu sahabbai a cikin tafiya suka ɗauke wa wani igiyarsa yana barci da nufin wasa, ya farka a firgice, sai Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce bai halatta Musulmi ya tsorata Musulmi ba. Shi kansa yana yin wasa, amma ba ya faɗin komai a cikin wasan sai gaskiya. Na kawo miki waɗannan ne domin ki daina tuhumar kanki. Kada ki ɗauke su ki je ki karanta wa Yayanki, domin wa ba ya jin daɗin wa'azi daga bakin ƙanwarsa, kuma zancen zai koma gardamar wa ya fi sanin addini.

Na ga kin jera alheransa a ƙarshen wasiƙar, kamar kina tsoron cewa yin magana butulci ne. Aurar da ke da ya yi da riƙon Inna abubuwa ne da suka cancanci godiya har abada, kuma ki ci gaba da yi masa ita. Amma godiya ba ta hana mutum ya faɗa wa ɗan'uwansa inda yake masa ciwo. Wanda ya ɗauki nauyin gida haka, alama ce ta cewa ba ya son ɓacin ranki, kuma ina zaton da zai ji cewa shekara da shekaru kina shiga ɗaki da nauyin zuciya saboda shi, da abin zai dame shi fiye da maganar da kike tsoron yi masa.

Abin da ya fi gaggawa shi ne na yaranki, kuma kada ya wuce makon nan. Ki fara da yarinyar. Ki zaunar da ita, ki ce mata kin san ta yi lissafinta daidai, kin yarda da ita, sifilin nan ba nata ba ne. Wannan ita ce maganar da ke ba ki samu ba, kada ita ma ta rasa ta. Sannan ki ɗauki kayen, ki tafi lakwal da su biyu, yaron da bakinsa ya faɗa wa malama ko malamin ajin cewa shi ya canza amsoshin. Lambar da aka bi ta kanta da bik ba ta ɓuya, malami zai gani da zarar an nuna masa. Ko an gyara makin ko ba a gyara ba, abin da ake so shi ne malamin ya san yarinyar ba ta kasa ba, domin a aji na farko-farko abin da malami ya ɗauki yaro da shi yakan bi shi har ƙarshen shekara. Ki nemi a yi wannan a keɓe, ba a gaban aji ba, kuma ki roƙi kada a doke shi. Tsayuwa gaban malami ya ce "ni ne" ya fi masa bulala nauyi, kuma shi ne darasin da yake buƙata.

Bayan haka ki ba shi labarin gwangwani har ƙarshensa. Rabin da ya ji a bakin Kawu ne ya kwaikwaya, domin a wannan rabin mai wasan gwarzo ne, kowa yana tafa masa. Ki faɗa masa bulalar, ki faɗa masa yadda kika ji da kakansa ya ce kin yi ƙarya, ba tare da kin zagi Kawunsa ba. Kada kuma ki kashe wasa a tsakanin 'ya'yanki saboda wannan, domin gidan da wa da ƙanwa ba sa tsokanar juna bai cika daɗin zama ba. Ki sa musu iyaka da za su iya riƙewa: wasa ba ya taɓa kaye da littafi, ba ya fita ƙofar gida, kuma wanda ya shirya shi shi ne zai tona kansa kafin wani ya yi kuka.

Wannan abin da ya faru da yaran shi ne ƙofar da za ki shiga wurin Yaya. Kada ki yi maganar ranar Sallah ko ranar biki, kada ki yi ta nan take bayan ya gama ba da labarin ranki yana ɓace, kuma kada ki aika saƙon murya ta WhatsApp, domin saƙo ba ya nuna fuska, ana iya kunna shi a gaban matarsa ko abokansa, kuma yana nan a waya bayan an shirya. Ki je gidansa da kanki wata rana da la'asar, ki riƙa masa abin da kika saba kai masa daga girkin hannunki, ki gaida iyalinsa, ki jira ku keɓe. Ki fara da labarin ɗanki da ƙanwarsa, da abin da yaron ya ce game da Kawu, ki nemi ya taimaka ya yi masa magana. Ta haka kin bar masa girmansa, kin zo ne wurin babba neman gyara. Yana iya yin dariya da farko, ki bar shi ya yi. Idan ya lafa, sai ki ce masa wani abu kamar haka: "Yaya, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita, ba don in ɓata maka rai na zo da ita ba. Labarin nan, kai dariyar kake tunawa, ni kuwa dukan nake tunawa, da ranar da Baba ya ce na yi ƙarya, kuma har ya bar duniya bai ji cewa ban yi ba. Duk lokacin da aka ba da shi sai abin ya dawo mini sabo. Ina roƙon ka daina ba da shi gaban dangin mijina, sunan nan ma a bar shi."

Idan kin faɗi haka ki yi shiru. Kada ki cike shirun da cewa ai ba komai, wasa kike yi, domin mata da yawa a nan suke rushe abin da suka gina, tausayin fuskar babba ya kama su su janye maganar kafin ta isa. Kada kuma ki haɗa da wasu tsofaffin ƙorafe-ƙorafe na gado ko na hidima, magana ɗaya kika zo da ita. Ban ba ki shawarar ki nemi a binne labarin gaba ɗaya ba, domin yana cikin 'yan abubuwan da suka rage muku na gidan Baba, kuma wataƙila ranar da aka cire masa ƙayar ke ma za ki so ki ba jikokinki shi. Abin da za ki nema shi ne ya tsaya a cikin gida, kuma idan za a ba da shi, a kai shi ƙarshe, a faɗi cewa yarinyar gaskiya ta faɗa, an doke ta a kan laifin wani.

Ki shirya wa amsarsa, domin ba lallai ta zo yadda kike so ba. Idan ya ce ki yafe masa, ki amsa nan take da zuciya ɗaya, kada ki ja masa rai. Amma manyan 'yan'uwa maza da yawa a wurinmu ba sa furta wannan kalma ga ƙannensu mata. Wani zai yi shiru ya canza zance, bayan kwana biyu ki ga turmin atamfa ya iso, ko ki ji ya kira ɗanki ya yi masa faɗa, ko taro ya zo ya wuce ba a ambaci gwangwani ba. Wannan ma ban haƙuri ne, ki karɓe shi a haka. Yana kuma iya cewa wannan tsohon zance ne kike tayarwa, ko ya ce ba ki san wasa ba. Idan ya faɗi haka, ki maimaita roƙonki sau ɗaya cikin ladabi, ki yi masa sallama yadda kika saba, ki tafi gida, domin mutum yakan musa a baki ya koma ya yi tunani da dare.

Idan taro na gaba ya zo ya sake ɗauko labarin, kada ki yi dariya, kada kuma ki yi fushi a fili. Ki tashi ki kama wani aiki, zai lura. Kada ki ƙaurace wa gidansa ko ki daina gaishe shi, domin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, kuma yanke zumunci a kan wannan ya fi matsalar kanta girma. Kada ki sa mijinki a tsakani, domin maganar suruki a kan abin da ya shafi wa da ƙanwarsa takan buɗe wata sabuwar rigima. Idan ya ci gaba bayan duk wannan, sai ki kai maganar wurin Inna, ko wurin gwaggonku idan kina ganin Inna za ta ɗauki abin da zafi, ki gaya mata daidai abin da kika gaya masa, ba ƙari, ki roƙe ta ta kira shi su biyu kawai. Allah ya daidaita tsakaninku, ya jiƙan Baba, ya shirya muku zuri'a.